Yadda Za Ka Cire Tayar Baya Ta Babur A Gida

'Yan'uwa manoma, a ƙasarmu ta Funtuwa da Malumfashi babur ya gaji jaki, ya kuma gaji keke. Shi ke ɗauko taki daga gari, shi ke kai masara da waken soya kasuwar Bakori ko ta Dandume, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti. Sa'ad da aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa a 1975, da taimakon Bankin Duniya, babur abin malamin gona ne da ma'aikacin gwamnati, yawanci kuwa Honda ne, ko Suzuki, ko Yamaha, na ƙasar Japan. Daga baya Jincheng na ƙasar Sin ya shigo da araha, sa'an nan Bajaj Boxer na Indiya ya biyo baya. Yanzu da wuya ka shiga ƙauye ba ka ga babur a ƙofar gida ba.

Duk da haka, da yawa daga cikinmu ba mu taɓa cire tayar baya da hannunmu ba. Ita ce kuwa ta fi yin faci, gama ita ke ɗauke da yawancin nauyi. Buhun taki kilo 50 ne, buhun masara kuwa kilo 100, duk a kanta suke zaune. Har wa yau, sau da yawa tayar gaba ce ke tayar da ƙusar da ke kwance a hanya, ta baya ta zo ta taka ta a tsaye. In taya ta sace a gida ko a gona, wani ya tura babur har gari, wani kuwa ya hau shi haka nan. Mai turawa ya yi asarar yini guda. Mai hawa ya yaga tub, ya tsinke bawul, wataƙila ma ya lanƙwasa rim. Ga kuma zancen tsaro. Tun shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankunan Faskari da Sabuwa da Dandume, har Gwamnatin Jihar Katsina ta taƙaita tafiyar babura da dare a 2021, ba wanda ke so magariba ta riske shi yana tura babur a daji.

Wanda ya iya cire taya ba ya bukatar duk wannan wahala. Sai ya bar babur a gida, ya ɗaura tayar kaɗai a bayan babur ɗin maƙwabci ko a keke, ya kai wa mai faci, ya komo ya mayar. Cirewa ba ta da wuya. Abin da ke bukatar hankali shi ne mayarwa, domin birkin baya da sarƙa duk a jikin wannan taya suke. Noti ɗaya da aka manta yana iya jawo asarar rai. Saboda haka ka karanta wannan bayani har ƙarshe kafin ka ɗauki sifana.

KA FARA SANIN SASSAN

Tsuguna a bayan babur ɗinka ka duba. Tayar tana tsakanin hannuwan ƙarfe biyu. Akwai dogon ƙarfe da ya ratsa hannun farko, ya bi ta tsakiyar taya, ya ɓullo ta hannu na biyu, da noti a bakinsa. Shi ne aksul. A yawancin baburanmu sarƙa tana gefen hagu, tana zagaye da wani faranti mai haƙora, wanda za mu riƙa ce wa farantin sarƙa. A gefen dama kuma akwai murfin birki. A cikinsa ne lainin birki yake, watau ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata waɗanda ke buɗewa su kama tayar in ka taka birki.

Sanduna biyu ne suke zuwa ga murfin birki, kada ka rikita su. Ta ɗaya siririya ce, tana tahowa daga matakin birki, tana da sifirin da noti a ƙarshenta. Ita ce sandar jan birki. Ta biyu mai kauri ce, ba ta motsi, an ɗaure ta da murfin da kusa da noti da ɗan fin. Ita ce sandar riƙe murfi. Aikinta shi ne ta hana murfin juyawa tare da taya. Waɗansu babura ba su da ita, sai dai wani ɗan tudu a jikin hannun ƙarfe wanda ke shiga tsagar murfin, aikin kuwa ɗaya ne.

A ƙarshen kowane hannun ƙarfe akwai ƙaramar kusa mai noti ta jan sarƙa, da 'yan zane-zane a jikin ƙarfen don auna daidaito. Akwai kuma guntun bututun ƙarfe tsakanin murfin birki da hannun ƙarfe, wanda aksul ya ratsa. Ƙarami ne, amma in ya ɓata taya ba za ta zauna daidai ba.

BABURA IRI BIYU

Duba gefen sarƙa. In ka ga babban noti na biyu a jikin hannun ƙarfe, wanda aksul ya ratsa ta cikinsa, to, babur ɗinka iri na farko ne, kamar Bajaj Boxer. A wannan iri farantin sarƙa yana da nasa mazauni dabam, ana cire taya a bar shi da sarƙa a jikin babur. Kada ka taɓa wannan babban noti, kada kuma ka taɓa kusoshin jan sarƙa. In kuwa babu wannan noti na biyu, farantin yana fita tare da tayar ke nan, tilas ka sauke sarƙa tukuna. Wannan shi ne iri na biyu.

KAYAN AIKI

Kana bukatar sifana masu lamba 10, 12, 14, 17, 19 da 22, ko da yake notin waɗansu babura ya kan kai 24. Sifana mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki, domin ba ta cinye kafaɗar noti. Ka nemi filaya, da sukudireba, da guduma, da guntun katako, da tsumma mai tsabta, da ɗan giris, da sabon fin mai baki biyu. Ka ajiye kwano guda don zuba noti da wosha. Kada ka zubar da su a ƙasa, gama rairayi da kaji da yara ba su barin kome.

SHIRI

Yi aikin da rana, a wuri mai tauri wanda ya daidaita. Bari inji da salansa su huce, ƙunar salansa tana jinkirin warkewa. Zare makulli, ka sa giya a firi. Sauke kaya duka. Kafa babur a kan babban jak. In ƙasa tana da taushi, kamar yadda ta kan yi da damina, shimfiɗa katako a ƙarƙashin jak ɗin, wannan kuma zai ƙara ɗaga baya. Tokare tayar gaba da dutse gaba da baya. Kira mutum guda ya riƙe maka kan babur, yara kuwa su ja da baya. In kana da waya mai hoto, ɗauki hoton gefe biyu kafin ka kwance kome, zai tuna maka inda kowane abu yake.

CIREWA

1. In notin aksul yana da fin, miƙe bakinsa da filaya ka zare shi. Riƙe kan aksul da sifana ɗaya, ka sassauta notin da ɗayar. Noti yana kwancewa ne in ka juya shi hagu. Sassautawa kawai za ka yi yanzu, kada ka cire.

2. Ƙirga zaren da ya fito a bayan notin sandar jan birki, ka riƙe lissafin. Kwance notin, ka danna matakin birki, sandar za ta zame ta fita. Sifirin da ɗan ƙarfen da sandar ta ratsa, duk ka sa su a kwano.

3. Zare fin ɗin sandar riƙe murfi, ka kwance notinta, ka cire kusar. Bari sandar ta sauka ƙasa.

4. Wannan mataki na masu iri na biyu ne kaɗai. Cire murfin sarƙa in akwai. Sassauta kusoshin jan sarƙa duka biyu, ka tura taya gaba har sarƙa ta saki. Ɗaga ta daga haƙora, ka rataye ta a hannun ƙarfe, kada ta taɓa ƙasa ta kwashi yashi. Ka kiyaye yatsunka, kada ka sa su tsakanin sarƙa da haƙora sa'ad da taya ke juyawa.

5. Cire notin aksul da woshansa. Sa ƙafarka ko katako a ƙarƙashin taya don ta rage nauyi a kan aksul, sa'an nan ka zare shi kana murzawa. In ya ƙi, ɗora katako a bakinsa ka buga a hankali. Kada ka bugi zaren da guduma kai tsaye. In zare ya lalace noti ba zai sake shiga ba, sai sayen sabon aksul.

6. Cire guntun bututun nan na gefen birki. Mai iri na farko ya jawo tayar zuwa gefen birki har ta rabu da mazaunin farantin sarƙa.

7. Mataimakinka ya ɗan karkata babur zuwa wajensa, kai kuma ka karkata tayar ka zaro ta ta baya. Zare murfin birki daga jikinta, ka ajiye shi a kan tsumma, lainin yana duban sama.

Jera abin da ka cire bi da bi a kan aksul yadda suke a da, ka mayar da noti a bakinsa. Ta haka ba abin da zai ɓata, ba kuma za ka yi shakkar wanne ke gaba da wanne ba. In za ka kwantar da taya, ɗora ta a kan buhu, ka toshe ramin tsakiya da tsumma don ƙasa kada ta shiga boris.

TUN DA TAYA TA FITA, DUBA WAƊANNAN

Lainin birki. In abin da ya rage a jikinsa bai kai milimita 2 ba, ko ya jiƙe da mai, sake duka biyu tare. Kada ka hura ƙurar birki da baki. Waɗansu lainin ana yin su da wani ma'adini mai suna asbestos, ƙurarsa tana lalata huhu, cutar kuwa ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Goge da tsumma mai ɗan danshi, ka zubar da tsumman.

Boris. Sa yatsa a ramin tsakiyar taya ka juya. Ya kamata ya juya sumul. In ka ji gargada ko ƙara, ko yana girgiɗi, ya mutu.

Robobi. A gefen da taya ke haɗuwa da farantin sarƙa akwai robobi masu kauri, a yawancin babura guda huɗu. Su ke shanye fizgar inji. In sun tsattsage ko sun yi laushi, shi ne dalilin da kake jin babur yana fizga in ka tashi. Ba su da tsada, sake su.

Wayoyin rim. Ƙwanƙwasa kowace da sifana. Mai lafiya tana yin ƙara siririya, wadda ta saki kuwa sai ka ji ta dum. Wadda ta karye a sake ta, domin in ɗaya ta tafi nauyi yana komawa kan maƙwabtanta.

Haƙoran faranti. In sun yi tsini, ko sun lanƙwasa kamar ƙugiya, lokacin sakewa ya yi. Ana sake sarƙa da faranti na gaba da na baya tare, gama tsohon faranti yana cinye sabuwar sarƙa.

Taya da tub. Tsaya a wurin mai faci ka ga ya shafa cikin taya da hannu ya fitar da ƙaya ko ƙusar da ta jawo ɓarnar. In ba haka ba za ta sake huda tub ɗin kafin ka isa gida. Ka ga kuma robar da ke rufe kawunan wayoyi a cikin rim tana nan. In za ka sayi sabuwar taya, lambarta tana rubuce a gefenta, misali 3.00-17. Lamba ta ƙarshe ita ce faɗin rim da inci, taya mai 18 ba ta hawa rim mai 17. In akwai kibiya a jikin taya, a sa ta tana nuna inda taya ke juyawa in babur yana tafiya gaba.

MAYARWA

A nan ne sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya fita ƙarshe shi ke shiga farko.

1. Wanke hannunka. Ko ɗigon giris kada ya taɓa lainin ko cikin inda yake kamawa. Mayar da murfin birki a jikin taya.

2. Shigar da taya tsakanin hannuwan ƙarfe. Mai iri na farko ya daidaita haƙoran mazaunin da tsagogin robobi, ya tura har su haɗu sosai. Mai iri na biyu ya ɗora sarƙa a kan faranti. In ka raba sarƙa a mahaɗinta, to, rufaffen kan makullin mahaɗin ya dubi inda sarƙa ke tafiya, buɗaɗɗen bakin yana baya.

3. Mayar da guntun bututu. Goge aksul, ka shafa masa giris kaɗan, ka zura shi ta gefen da ya fito. In ya tsaya, ɗaga taya kaɗan ka girgiza, kada ka tilasta shi. Sa wosha da noti, ka ɗaure da hannu tukuna.

4. Mayar da sandar riƙe murfi. Ɗaure notinta da ƙarfi, ka sa fin. In babur ɗinka mai tudu da tsaga ne, duba da idonka ka tabbata tudun ya shiga tsagar.

5. Mayar da sandar jan birki da sifirinta, ka murza noti har zaren ya kai lissafin da ka riƙe.

6. Mai iri na biyu ya ja sarƙa. Murza kusoshin biyu daidai wa daida, har aksul ya tsaya a kan zane iri ɗaya hagu da dama. In gefe ɗaya ya fi, taya za ta karkace, ta cinye gefe guda, babur kuma ya riƙa ja. Juya taya ka nemi inda sarƙa ta fi tauri. A nan, tsakiyar sarƙar ƙasa ta iya motsawa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. Sarƙa mai tauri ƙwarai tana kashe boris, tana kuma iya tsinkewa in an ɗora kaya. Mai sako-sako kuwa tana faɗuwa ta maƙale.

7. Juya taya da hannu, mataimaki ya taka birki ya riƙe, kai kuma ka ɗaure notin aksul da ƙarfi sosai. Yin haka yana sa lainin ya zauna a tsakiya. Sa sabon fin, ka buɗe bakinsa. Tsohon fin da aka lanƙwasa aka miƙe ya kan karye. Kada ka sa ƙusa ko waya a madadinsa.

8. Matakin birki ya sauka kamar santimita 2 zuwa 3 kafin ya kama. In an sake shi, taya ta juya ba tare da gogawa ba. Kunna makulli ka ga fitilar birki tana kamawa.

Me ya sa muke nanata zancen sandar riƙe murfi? Domin babur yana tashi lafiya ko ba a ɗaure ta ba, ba abin da zai faɗakar da kai. Sai ran da ka taka birki da ƙarfi, murfin ya juya tare da taya, ya naɗe sandar jan birki. Daga nan ko birki ya ɓace gaba ɗaya, ko taya ta cije ta watsar da kai. Na ga wani ɗan ƙungiya da haka ta faru da shi a gangaren rafi, da buhun masara a bayansa. Ya tsira da karayar hannu, amma aikin kakar shekarar sai 'yan'uwa ne suka yi masa.

KAFIN KA HAU

Duba kwano. In akwai noti ko wosha da ya rage, aikin bai ƙare ba, nemi wurinsa. Kama taya da hannu biyu ka girgiza ta gefe da gefe, kada ta yi motsi. Bi noti uku da sifana sau ɗaya kuma: na aksul, na sandar riƙe murfi, na jan sarƙa. A auna iska da ma'auni, ba da dannawar yatsa ba. Ƙananan babura irin namu suna son kamar 28 a baya in mutum ɗaya ne, 32 in da goyo ko kaya, amma bi abin da littafin babur ɗinka ya faɗa. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin kaya mai nauyi, rim ne ke datse tub ɗinta in ta faɗa rami. Sauke babur daga jak, ka tura shi ka taka birki. Sa'an nan ka hau kai kaɗai, a hankali, a fili, ka gwada birki sau uku ko huɗu. Bayan tafiyar farko ka sake duba notin aksul.

ABIN DA ZA KA BAR WA BAKANIKE

Ba kowane aiki ne na gida ba. Sake boris, da miƙe rim da ya karkace, da ɗaure wayoyi, da aksul da ya lanƙwasa ko zarensa ya cinye, duk na bakanike ne. Amma ko a nan ka ci riba, gama taya kaɗai za ka kai masa. In babur ɗinka mai birkin faifai ne a baya, wanda ke aiki da mai, tsarinsa dabam ne da wanda muka bayyana. Kada a taka birkinsa in taya tana waje, ka kuma fara koyo a gaban wanda ya sani. Taya marar tub kuwa, sau da yawa ana toshe hudarta tana jikin babur.

SHAWARA GA ƘUNGIYOYI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba lalle ne kowane manomi ya sayi sifana shida ba. Ƙungiya ta sayi akwati guda: sifanu, da filaya, da famfo, da ma'aunin iska, da libar taya, da faci da sholisho, da fin, da tub ɗaya ko biyu na girman da ya fi yawa a ƙauyen. A ba ma'aji ko magatakarda ajiyarsa, a riƙa rubuta sunan mai aro da ranar mayarwa. Wanda ya ɗauki tub ya biya kuɗinsa don a sayo wani.

Sa'an nan a sa rana guda da rani, kafin a shiga sharar gona, a gayyaci bakanike na kirki a biya shi ladan yini. Kowane mai babur ya cire tayarsa ya mayar a gabansa, sauran suna kallo. A kawo samari, a kawo mata ma, domin wata rana maigida ne zai kwanta ciwo, babur kuma ya sace. Kada ranar da ka fara koyon wannan aiki ta zama ranar da kake gaggawa. Ka gwada a tsakar gidanka tun babu abin da ya lalace, da wannan takarda a gefenka, da ɗan'uwa yana riƙe maka kai.